Dawa Mai Tofi

Ranar Talata Malam Mamuda ya faɗi maganar, yana wanke hannu bayan abincin rana. Ya ce ya ba Magaji mai tifa gonar tudu. Ranar Asabar za a kawo katafila a fara kwasar burji don masu gyaran hanya.

Armiya'u, babban ɗansa, ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Baba, gonar tudu? Ita kaɗai fa ta rage mana."

"Ita kaɗai ta rage, ita kuma ta mutu. In zauna in yi ta gadin gawa?"

Gonaki uku gidan ke da su. Biyu suna daji, can bayan Sakajiki, kuma shekara shida ke nan babu wanda ya taka su saboda 'yan bindiga. Sai ta tudu, a bakin Kaura, kan hanyar Shinkafi. Da can ana barin ta ta huta, Fulani su sauka da shanu da rani su bar mata taki. Yanzu Fulanin ba sa zuwa, hutun ma babu. Dawa bara, dawa bana, takin yuriya a kan takin yuriya, kara kuwa ko ɗaya ba a bari, duk a kwashe a kai gida. Shekara uku ke nan dawa na tsirowa, ta kai gwiwa ta tsaya, ganye ya yi rawaya, ta yi yaushi ana tsakiyar ruwan sama.

Kowa ya gani, kowa kuma ya faɗi nasa. Wani ya ce baki ne, wani ya ce iska ce ta sauka, masu sauƙin kai suka ce haka Allah ya so, suka koma inuwa. Shekara uku, manoma fiye da ashirin suna wucewa ta nan safe da yamma, babu wanda ya sunkuya ya tuge tushe ɗaya ya ga abin da ke ƙarƙashi. Wannan ne ke ƙona wa Armiya'u rai tun da ya gama karatun aikin gona ya dawo gida.

Ya tashi ya ɗauko tushen da ya tugo da safe, ya shimfiɗa a gaban mahaifinsa. Saiwar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta yi kauri, ta dunƙule, bakinta ya yi baƙi kamar an ɗana mata wuta.

"Dubi nan, Baba. Ba mutuwa gonar ta yi ba, tsami ta yi. Na gwada."

"Tsami? Ƙasa ce ko kunun jiya?"

"Akwai wani ƙarfe a cikin kowace ƙasa, alminiyam, irin wanda ake ƙera tukunya da shi. In ƙasa na lafiya yana nan a daskare, ba ruwansa da kowa. In ta yi tsami sai ya narke ya bi ruwa. Bakin saiwa yake fara kamawa, daidai inda take tsawo. Sai ta kasa nutsewa. Ruwa na ƙasa, taki na ƙasa, ita tana sama tana jin ƙishi."

Malam Mamuda ya juya tushen da ɗan yatsa.

"To in tukwane ke cikin gonata, ai gara Magaji shi tono su mu raba."

"Baba, ba wasa nake ba. Ka ba ni zuwa Asabar."

"Asabar ɗin ai ba tawa ba ce. Ka yi abin da za ka yi."

Maganin da Armiya'u ya sani na littafi ne: a barbaɗa farar ƙasa ta noma, ta kashe tsamin. Ranar Laraba ya zaga kasuwar Kaura rumfa rumfa. Masu sayar da taki suka dube shi kamar ya tambayi ƙahon doki. Wani ya nuna masa farar ƙasar shafen ɗaki a ƙaramar leda. Ranar Alhamis ya hau mashin zuwa Shinkafi, ya ci kasuwa tun hantsi har la'asar, ya dawo da ƙishirwa da ciwon baya. Ƙasar manoma ce daga nan har iyaka, amma ba a san ƙasa na ciwo ba, balle a ajiye maganinta.

Da safiyar Juma'a ya koma gonar, ba don yana da dabara ba. Ya tsaya a bakin hanya, inda katafila za ta fara sa baki. A nan kunyoyi uku na Inna Asibi suke.

Inna Asibi kakarsa ce, mahaifiyar uwarsa. Shekara biyu da suka wuce ta baro ƙauyensu na ƙasar Zurmi da ƙafa, ranar da 'yan bindiga suka watsa kowa. Abin da ta fito da shi zane biyu ne da zangarniyar dawa biyu ƙulle a gefen mayafi. Shekarar farko ta ƙi shukawa, tana cewa a gida za ta shuka. Da ta ga ƙwari sun cinye, saura bai fi cikin tafi ba, sai ta aika 'yarta ta roƙa mata wuri wajen maigida. Malam Mamuda ya ba ta kunya uku ta bakin hanya, ta shuka duka, ko ƙwara ba ta rage ba.

Ranar shukar Armiya'u ya tambaye ta sunan irin, ta ce Mai Tofi. Ya yi dariya ya ce ga shi nan, abin da ya hana mu ci gaba ke nan, maimakon a nemi iri mai kyau sai a kai wa malam ya tofa. Bai sake bi ta kansu ba.

Yanzu ga su sun fi shi tsawo, kore shar, sun fara fitar da kai, a gonar da sauran dawa ba ta wuce gwiwa ba. Ba yau ya fara ganinsu ba. Shi ya ɗauka ruwan hanya ne ke gangaro musu da kashin dabbobi. Babansa ya ɗauka albarkar addu'a ce, tun da sunan ya faɗa. Kowa ya sami amsar da ta yi masa daɗi ya wuce. Armiya'u ya tuna manoma ashirin ɗin da yake zagi a zuci, ya ji kunnensa ya yi zafi.

Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa a gindin dawar, ya dama da ruwan gora, ya tsoma 'yar takardar gwaji. Launin da ta ba shi a tsakiyar gona shi ta ba shi a nan. Tsami ɗaya ne. Ya sa fartanya ya haƙa a hankali, ya zaro tushe ɗaya. Saiwar fara ce tas, sirara, ta fi tsawon kamu, kuma a ƙasa ta tsinke, ba nan ta ƙare ba.

Ya sami Inna Asibi a bayan ɗakinta tana tsince wake. Tana ganin karan a kafaɗarsa ta dafe ƙirji.

"La ilaha! Ɓarawon dawa! Miji ba cefane, ba zane, sai ɓarna. Wa ya aike ka?"

"Tsohuwa, sai ki kai ƙara. Wane malami ne ya yi wa irin nan tofi?"

"Malami? Wane malami?"

"Ba Mai Tofi kika ce ba?"

Ta dube shi, ta kwashe da dariya har wake ya zube.

"Wayyo boko! Shekara nawa kana cin kuɗin makaranta? Ba a yi mata tofi, ɗan nema. Ita ka yi ma kanta."

Ta karɓi tushen, ta kakkaɓe ƙasar, ta murza bakin wata 'yar saiwa tsakanin yatsunta, sannan ta kama hannunsa ta goga masa. Ya ji ɗan yauƙi.

"Ka ji? Awa miyau. Garinmu akwai wani jan tudu, komi anka shuka sai shi tsugunna, ban da wagga. Innata ta ce ita ba ta taka ƙasa sai ta tofa, kamar mai shiga kango. Ta tofa ta taka, ta tofa ta taka, har ta isa ruwa."

Armiya'u ya zauna a kan turmi. Ya tuna zanen da wani malaminsu ya yi a allo: bakin saiwa da wata 'yar ƙofa a fatarsa. Akwai irin dawar da in alminiyam ya taɓa ta sai ƙofar ta buɗe, ta saki tsami irin na lemun tsami, kaɗan kaɗan, daidai inda saiwa ke tsawo. Tsamin ya rungume ƙarfen a waje, ya hana shi shiga. Wata dawar ƙofarta ba ta buɗewa sosai, ita ce ke ƙonewa. Ya haddace wannan, ya rubuta a jarrabawa, ya ci. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa abin zai iya zuwa gidansu ƙulle a mayafi ba. Ya san yauƙin da ya ji a hannu daban ne, tsamin kansa bai kai a ji shi a harshe ba, kuma sai an kai ɗakin gwaji za a tabbatar. Amma ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, saiwa biyu.

"Inna, kin san gobe za a tone wurin?"

Ta ci gaba da tsince waken da ya zube.

"Na ji."

"Kin ji, kika yi shiru?"

"In ce mi? Gonar suruki ce. Ni da ko sunansa ba ni faɗi."

Nan ne abin ya tsaya. Shekara ashirin da bakwai da Malam Mamuda ya auri 'yarta, tsakaninsu gaisuwa ce kawai, shi a durƙushe daga nesa, ita ta juya fuska. In ya hango ta a tsakar gida sai ya koma zaure. Kunyar surukai abu ne mai kyau, babu mai musu. Amma ita ce ta sa mutum ya daɗe yana tunanin gonarsa, amsar tana bayan katangarsa tana tsince wake, bai iya tambaya ba, ita ba ta iya faɗa ba.

Bayan an sauko daga Juma'a Armiya'u ya tari mahaifinsa a zaure, ya jera masa tushe biyu a tabarma, gajere da dogo. Ya yi bayani da sauri, yana haɗa kalmomi.

Malam Mamuda ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Tsaya. Ran Talata ka ce tsami ya kashe gona."

"E."

"Yau Juma'a, tsami ne magani."

"Ba iri ɗaya ba ne, Baba."

"Lahadi kuma mi za ka ce? Kai, ni ban yi boko ba, amma ban haukace ba. Dawar tsohuwa addu'a ce ke riƙe da ita. Addu'ar kuwa ta mutanen da ce, ba mu da irinta."

"Ba addu'a ba ce! Wato, komai da ikon Allah, amma…" Armiya'u ya share gumi. "Ƙarfen nan fa kun san shi. Shi ne a cikin alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Tsamin saiwar yana kama shi ne ya…"

Daga bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida aka yi gyaran murya.

"Kai mijin," in ji Inna Asibi, da ƙarfin da ya fi na mai magana da mutum ɗaya. "Alif kac ce?"

Malam Mamuda ya mayar da hularsa, ya gyara zama, ya sunkuyar da kai.

"Alif na ce, Inna."

"To tashi ka ɗebo min ruwan kududdufi, mai laka sosai. Ƙwarya biyu. Ka biyo da lemun tsami uku wajen uwarka."

Ya kawo. Ta sa ya ajiye ƙoren a bakin ƙofar zaure, inda na ciki zai gani, ita kuma ta zauna a gefe ta ba ƙofar baya. Ta daka alif ta raba biyu. Rabi ɗaya ta narka da ruwa, ta zuba a ƙwarya ta farko. Ɗaya rabin ta matse lemun a kai, ta juya har ya narke, ta zuba a ta biyu. Ta motsa kowace da tsinke.

"Ina amarya," ta ce wa jikanta, "na taɓa dama alif da ludayin da anka matsa lemu. Ruwa ya ƙi kwanciya. Na ƙara alif, ya ƙi. Uwar mijina ta ce an kawo mata amaryar da ko ruwa ba shi jin maganarta. Wata uku ana yi min waƙa da shi a bakin rijiya."

Suka jira. Kaza ta zo leƙe, aka kore ta. Armiya'u ya buɗe baki zai yi bayani, Inna Asibi ta ce ya rufe, ruwa ba ya son surutu. A hankali lakar ƙwarya ta farko ta fara tattaruwa kamar ɓarɓashin auduga, ta sauka. Kafin a kira la'asar ana ganin zanen gindin ƙwaryar. Ta biyu kuwa tana nan kamar kunu.

Malam Mamuda ya matso da gwiwa, ya leƙa wannan, ya leƙa waccan.

"Alif ɗin ina ya tahi?"

"Yana ciki, Baba, bai je ko'ina ba. Ɗaure shi aka yi. Da can yana kama laka, yanzu ba ya iya kama komai. Tsamin ƙasa shi ke kwance shi ya shiga ɓarna. Wanda saiwa ke tofawa shi ke ɗaure shi. Suna ne kawai ya haɗa su."

Malam Mamuda ya daɗe yana kallon ruwan.

"Layin nan mu uku ne Mamuda," ya ce a hankali. "Ɗaya ko alwala bai iya ba."

Aka ji 'yar dariya ta kuɓuce a bayan zana, aka danne ta.

"Amma na ba mutum baki," in ji Malam Mamuda. "Gaban mutane na ba shi, har anka ci goro."

Armiya'u ya ji maganganu sun cika masa baki, na goro da na baki da na yunwar baɗi, amma ya haɗiye. Inna Asibi ce ta yi magana, murya ƙasa ƙasa wannan karon.

"Mijin, gaya ma babanka gonarsa ce, shi yi yadda ya gani. Ya riƙe ni shekara biyu, ban rasa komi ba. In za a tone, a bar ni in yanki kai biyu in rataya a ɗaki. Na san ɗanye ba shi tsira. In dai riƙa ganinsu. Garinmu babu abin da ya saura sai su."

Armiya'u ya juya zai maimaita, kamar yadda aka saba. Mahaifinsa ya ɗaga masa hannu. Malam Mamuda ya fuskanci zanan, idonsa a ƙasa.

"Inna," ya ce, "kwana nawa ya rage ta nuna?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ko da yake babu mai ganinta.

"Arba'in. In Allah ya ba da raɓa."

Da hantsin Asabar katafila ta iso a kan babbar mota, tifa biyu na biye. Magaji ya sauko yana waya, ya tarar da Malam Mamuda tsaye a gaban kunyoyin uku, Armiya'u a bayansa. Masu wucewa kasuwa suka fara rage tafiya.

"Malam, a matsa mana, rana na yi."

"Magaji, na zo ba ka haƙuri. Na fasa."

Magaji ya kashe wayar.

"Ka fasa? Dattijo da furfura, baki biyu? Na ɗauko mota tun daga Gusau!"

"Na sani. Laifina ne, ba na kowa ba. Duk abin da ka faɗa min yau, ka yi daidai."

Magaji kuwa ya faɗa. Ya kira shaidun goro da sunayensu. Ya ce daga yau ko allura Mamuda ya ce zai sayar, a nemi liman ya rantsar da shi tukuna. Mutane suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Malam Mamuda bai ɗaga ido ba, bai kuma matsa ba. Armiya'u ya dubi mahaifinsa. Bai taɓa sanin tsayuwa shiru na da nauyi haka ba.

A ƙarshe Magaji ya nuna dawar da baki.

"Wai don wannan? Don kunya uku ka kwashi kunyar gari duka?"

"Uku ce bana," in ji Malam Mamuda. "Baɗi ka biyo ka ƙirga."

Motocin suka juya da ƙyar, suka nufi wani wurin. Da ƙararsu ta yi nisa Armiya'u ya matso.

"Baba, irin kaɗai ba zai warkar da ƙasar ba fa. Sai mun rage yuriya, mu tara tokar unguwa duka, mu bar kara a gona, mu sa wake tsakani. Kuma zan kai saiwar a gwada, in ta tabbata sai mu raba wa…"

"Armiya'u."

"Na'am."

"Ga awakin Liman can sun taho."

Armiya'u ya waiga. Awaki biyar ne, babbar tana gaba, ta riga ta miƙa wuya. Ya kwasa da gudu yana jifa da hoge, yana ihu, takardun gwajinsa na zubewa daga aljihu.

"In ka gama," mahaifinsa ya ɗaga murya, "ɗauki gatari ka saro ƙaya. Kwana arba'in ne, ko ganye ɗaya ya ɓata kai za ka je ka gaya mata. Ni na yi maganata ta shekara ashirin da bakwai."